Tseren Keken Faransa: Da Me Ake Auna Wanda Zai Iya Lashewa?

Ranar 4 ga Afrilun 2024, a wata kwana da ke gangaren dutse a yankin Basque na ƙasar Sifaniya, 'yan tseren keke da dama suka kife wuri guda. Cikinsu har da uku daga cikin mutum huɗun da ake ganin su ne za su kara a Tour de France na wannan shekarar. Jonas Vingegaard na Denmak, wanda ya lashe gasar a 2022 da 2023, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari, huhunsa ya ji rauni, sai da ya yi kusan mako biyu a asibiti. Remco Evenepoel na Beljiyam ya samu karaya biyu a kafaɗa. Primoz Roglic na Sulobeniya ya tsira da ƙujewa, amma shi ma daga nan ya ajiye wannan tseren. Na huɗunsu, Tadej Pogacar, shi ma ɗan Sulobeniya, ba ya wurin.

Saura ƙasa da wata uku ke nan a fara babbar gasar, kuma duk lissafin da masana suka yi tun farkon shekara ya rushe a kwana ɗaya ta hanya. Idan aka tambayi mai kallo wa ya fi damar lashewa, yawanci sunan wanda ya fi ƙarfi zai faɗa. Ni ina ganin ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ƙirga hanyoyin da kowane ɗan tsere yake da su na ƙwace lokaci daga abokan karawarsa, sannan a ƙirga ƙofofin da lokaci zai iya zube masa. Mai hanyoyi da yawa da ƙofofi kaɗan shi ne a gaba, ko da kuwa akwai ranar da wani zai fi shi.

Sai dai sai an fara gane abin da ake lashewa. Tour de France, wanda aka fara a 1903, zango 21 ne cikin mako uku, da hutun kwana biyu, tafiyar da kan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kowace rana tsere ce mai zaman kanta da nata gwanin, amma ana rubuta lokacin da kowa ya ɓata ana tarawa. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa, wanda kuma ya kai ta ranar ƙarshe shi ne zakara. Don haka mutum zai iya cin zango da yawa bai ko sansana kofin ba. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku, ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a tarihin gasar, ya kuma koma gida da koriyar riga ta masu tara maki, amma a jimillar lokaci sa'o'i ne tsakaninsa da na ɗaya. Mark Cavendish na Birtaniya, wanda a shekarar ya ci zangonsa na 35 ya zarce tarihin Eddy Merckx, tsohon zakaran Beljiyam, shi ne ya zo na ƙarshe cikin mutum 141 da suka kammala. A cikin 176 da suka tashi daga birnin Florence na Italiya, waɗanda suka zo da niyyar ɗaukar kofin da gaske ba su cika yatsun hannu biyu ba. Saura kowa da abin da ya kawo shi, mafi yawa kuma aiki suka zo yi wa wani.

Iska ce ta haifi wannan aikin. Duk wanda ya taɓa taka keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda feda ke nauyi, ya kuma san sauƙin da ake ji idan aka laɓe bayan wani. A gudun ƙwararru, wanda ke bin bayan wani yana rage wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ragin da yake samu ya fi haka. Shi ya sa ƙungiyar da ke neman kofi take zuwa da mutum takwas, jagora ɗaya da bakwai masu hidimarsa: su tare masa iska, su koma motar ƙungiya su ɗebo masa ruwa da abinci, idan tayarsa ta yi faci a mugun wuri wani ya sauka ya miƙa masa kekensa. Shi ya sa kuma a ranakun shimfiɗaɗɗiyar hanya da wuya manya su bar juna. A dunƙule suke isa, a rubuta musu lokaci guda.

Inda ake raba gari wuri biyu ne manya. Na farko dogayen hawa a tsaunukan Alps da Pyrenees, inda gudu yake raguwa, laɓewa ta rage amfani, abin da ya saura shi ne ƙarfin ƙafa idan aka raba shi da nauyin jiki. Manyan yanzu suna iya riƙe fiye da wat 6 (ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke fitarwa) a kan kowane kilo na jikinsu har tsawon rabin sa'a ko fiye. Na biyu tseren agogo, inda kowa yake tashi shi kaɗai, babu mai tare masa iska, agogo ne kawai alƙali. Bayan waɗannan akwai ƙananan ƙofofi: garaɓasar sakan 10 da 6 da 4 da ake rage wa ukun farko a ƙarshen zango, iskar gefe mai tsinka ayari gida-gida, hanyar duwatsu ko tsakuwa, da gangara, inda mai tsoro yake zubar da abin da ya tara a hawa.

Idan aka ɗora Pogacar a kan wannan ma'aunin, za a ga dalilin da ya sa sunansa ke zuwa farko. An haife shi a 1998. Yana hawa, yana tseren agogo, yana da gudun ƙarshe da ke ba shi garaɓasa kusan duk ranar da suka isa tare da Vingegaard, kuma yana lashe tseren kwana ɗaya a kan hanyar duwatsu irin na Flanders, wanda masu neman kofin mako uku suka saba gudu. Duk yadda aka zana hanya, akwai inda zai ci. Duniya ta san shi ne a 2020: ya shiga zango na 20, tseren agogo zuwa La Planche des Belles Filles, yana bayan Roglic da sakan 57, ya fito yana gabansa da sakan 59. Ya karɓi kofin ana gobe zai cika shekara 22. A 2021 ya sake ɗauka da ratar minti 5 da sakan 20, kuma wanda ya zo na biyu shi ne Vingegaard, wani siririn matashi da ya taɓa aiki a kamfanin sarrafa kifi, wanda ya zo gasar ne don yi wa Roglic hidima, jagoranci ya faɗo masa bayan Roglic ya faɗi ya janye.

Vingegaard hanyarsa ɗaya ce babba, amma mai kyau ce ƙwarai. Ya fi Pogacar sauƙin jiki da 'yan kiloli, kuma inda ya fi haskawa shi ne dogon hawa a can ƙololuwar da ta wuce mita 2,000, inda iska take sirancewa, musamman idan rana ta yi zafi kuma gajiyar kwanaki ta taru. Matsalar ita ce wannan hanyar ba ta buɗewa da kanta. Sai an gajiyar da abokin karawa tukuna, wannan kuwa aikin ƙungiya ne.

Zango na 11 na 2022 shi ne darasin da har yanzu ake komawa gare shi. Pogacar na sanye da rigar ɗorawa, yana gaba da sakan 39, amma korona ta riga ta cire masa mutum biyu daga ƙungiyarsa ta UAE. Jumbo-Visma kuwa, ƙungiyar Vingegaard da Roglic, ta zo da jagorori biyu. Tun daga hawan Télégraphe zuwa Galibier, Roglic zai zabura, Pogacar ya bi shi. Da ya kamo shi sai Vingegaard ya zabura, ya sake bi. Haka suka yi ta karɓa-karɓa. A gaskiya bai kamata Pogacar ya riƙa bin Roglic ba, tunda shi ya riga ya ji ciwo a kafaɗa tun zango na 5 kuma yana baya da mintoci, amma ƙuruciya da yarda da kai suka sa ya amsa kowace gayyata. Da suka isa hawan ƙarshe, Col du Granon mai ƙololuwa a mita 2,413, ƙafar Pogacar ta ƙare. Vingegaard ya tafi ya ba shi minti 2 da sakan 51 a wannan yammacin kaɗai, ya kuma lashe gasar da minti 2 da sakan 43. Wato idan aka cire wannan rana guda, babu abin da ya raba su. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu magana, kuma da wuya a samu inda maganar ta zauna daram kamar nan.

Na 2023 ya bambanta. A watan Afrilu Pogacar ya faɗi a tseren Liège, ya karye a tsintsiyar hannu, shirinsa ya gurgunce na makonni. Duk da haka bayan zango 15 sakan 10 ne kacal tsakaninsu. Sai ga tseren agogo na Combloux, kilomita 22 da ɗoriya, Vingegaard ya ba shi minti 1 da sakan 38. Washegari a hawan Col de la Loze ƙarfin Pogacar ya ƙare gaba ɗaya, ratar ta haura minti bakwai, aka tashi a minti 7 da sakan 29. Abin lura a nan shi ne raunin shiri ba ya nuna kansa a makon farko. Mai gajeren shiri zai iya yin kwana goma sha biyar kafaɗa da kafaɗa da kowa, sai a mako na uku bashin yake fitowa.

Wannan ne ya sa lissafin 2024 ya yi daɗin yi, domin abin ya juye. Yanzu Vingegaard ne mai gajeren shiri, bai kuma yi tsere ko ɗaya ba tsakanin asibiti da Florence. Babban mai ja masa a tsauni, Sepp Kuss, korona ta hana shi zuwa, Roglic kuma ya riga ya sauya sheƙa zuwa wata ƙungiya, don haka dabarar jagorori biyu ta mutu. Pogacar kuwa ya zo da Adam Yates, wanda ya zo na uku a 2023, da João Almeida da Juan Ayuso, mutanen da a wata ƙungiyar su ne jagorori. Abu ɗaya ne ake iya kafa hujja da shi a kansa: a watan Mayu ya yi Giro d'Italia, wani tseren mako ukun, ya lashe da minti 9 da sakan 56. Tun Marco Pantani a 1998 ba wanda ya haɗa Giro da Tour a shekara guda, kuma manya irin su Alberto Contador da Chris Froome sun gwada sun kasa. Masu cewa gajiya za ta kama shi a mako na uku ba shirme suke yi ba, tarihi yana bayansu. Inda suka yi sake shi ne ba su duba yadda aka ci Giron ba. Wanda ya ci da ratar kusan minti goma ba a taɓa matsa masa har ƙarshen ƙarfinsa ba, kuma wannan daban yake da wanda ya ci da ƙyar.

A zango na 11, a Le Lioran, Vingegaard ya kamo Pogacar bayan ya tsere masa, har ya riga shi tsallaka layi, aka ga yana hawaye. A daren nan mutane da yawa sun ɗauka 2023 za ta maimaita kanta. Ba ta maimaita ba. Pogacar ya ci Pla d'Adet, washegari ya ci Plateau de Beille da ratar minti 1 da sakan 8, ya ci zango ukun ƙarshe a jere, har da tseren agogo zuwa Nice, inda aka rufe gasar a maimakon Paris saboda wasannin Olamfik. Zango shida ke nan, da ratar minti 6 da sakan 17. Ratar tana da girma a ido, amma a cikin tafiyar sa'a 83 da wani abu, ba ta kai kashi ɗaya cikin 700 ba. A kan irin wannan siririn bambanci ake ta muhawara.

Evenepoel da Roglic lissafinsu daban ne, kuma a nan ne masu kallo suka fi ruɗuwa, domin sunansu yana da girma. Evenepoel, wanda ya fara da ƙwallon ƙafa a makarantun matasa na Anderlecht da PSV kafin ya koma keke, a 'yan shekarun nan babu kamarsa a tseren agogo. Ya doke kowa a zango na 7 na 2024, sai dai sakan 12 kawai ya ba Pogacar. Makamin da ya fi ƙarfi a hannunsa sakanni yake kawo masa, rauninsa a dogon hawa kuwa mintoci yake ci. Ya gama na uku da minti 9 da sakan 18, wanda abin yabo ne ga mai zuwan farko. Akwai kuma ƙofar mummunar rana: a Vuelta ta 2023, gasar Sifaniya da ya lashe shekara guda kafin nan, ya zubar da wajen minti 27 a rana ɗaya a hanyar Tourmalet, kuma a kan wannan dutsen ne ya sauka daga keke a Tour na 2025. Muddin masu zana hanya suna ba da ranakun tsauni da yawa da kilomitocin agogo kaɗan, kamar yadda suke yi a zamanin nan, damarsa tana jingine da faɗuwar mutum biyu a lokaci guda.

Roglic, tsohon ɗan wasan tsalle a kan ƙanƙara, ya lashe Vuelta sau huɗu da Giro sau ɗaya, don haka ba a maganar iyawa. Amma a 2021 da 2022 da 2024, duk sau ukun faɗuwa ta fitar da shi daga Tour kafin ƙarshe. Za a iya cewa ƙaddara ce, kuma wani ɓangaren haka ne. Sai dai zama lafiya a cikin ayari shi ma gwaninta ne: sanin inda za ka tsaya kafin hanya ta ƙuntata, samun ƙarfafan abokai da za su ajiye ka a sahun gaba, natsuwa a kwana. Mai lissafin gaskiya dole ya rage masa maki a kan wannan, kamar yadda zai rage wa wanda ba ya iya hawa.

Haɗarin faɗuwa da ciwo shi ne ya sa ba a taɓa ba kowa tabbaci. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi a 2024 ba su isa Nice ba, kuma hatsari ba ya duba suna. A 2014 Froome ya fita a zango na 5, Contador ya fita a na 10, Vincenzo Nibali ya lashe cikin kwanciyar hankali. A 1971 Luis Ocaña yana gaban Merckx da fiye da minti bakwai ya faɗi a gangaren Col de Menté cikin ruwan sama, a nan tserensa ya ƙare. Ko Pogacar ya sha ƙasa a zango na 11 na 2025 kusa da Toulouse, abokan karawarsa suka sassauta suka jira shi. Da ya faɗi ta wata fuskar a kan hannun da ya karye a 2023, da wani labarin ake yi. Akwai ma wata ƙofar da kan buɗe bayan an watse: an ƙwace kofunan Lance Armstrong bakwai na 1999 zuwa 2005 a shekarar 2012 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, aka bar shekarun babu zakara.

Na 2025 shi ne gwajin da ya fi tsafta, domin wannan karon Pogacar da Vingegaard duka sun zo da ƙafafunsu. Visma ta kawo Kuss da Matteo Jorgenson da Wout van Aert da Simon Yates, wanda ya lashe Giro makonni kaɗan kafin nan. Pogacar kuma ya rasa Almeida tun makon farko bayan ya faɗi. A takarda, sharuɗɗan Granon sun kusa cika. Amma tun a tseren agogo na Caen, zango na 5, Vingegaard ya zubar da fiye da minti ɗaya, a Hautacam ya ƙara zubar da minti 2 da sakan 10, washegari a Peyragudes aka sake ba shi kashi. Da aka shiga Alps, inda ya kamata hanyarsa ta buɗe, Pogacar ya daina amsa kowace gayyata, ya manne a bayansa kawai. Wannan ne canjin da na fi ba muhimmanci: ƙofar da aka shiga ta kansa a 2022, wato zafin kai, ya rufe ta. Ya ɗauki kofi na huɗu da minti 4 da sakan 24, Florian Lipowitz na Jamus ya zo na uku da minti 11.

Shekara biyar a jere, daga 2021 zuwa 2025, mutum biyun nan ne na ɗaya da na biyu. Idan aka duba sau biyun da Vingegaard ya yi nasara, kowanne yana da sharaɗin da ya cika: sau ɗaya ƙungiya mai kai biyu a kan ƙungiyar da ciwo ya rage, sau ɗaya karayar hannu. Faɗin haka ba rage masa daraja ba ne, domin sharaɗin ya cika wa kowa a ayarin amma shi kaɗai ya iya cin moriyarsa, kuma ya nuna a Vuelta ta 2025 cewa inda babu Pogacar shi ne sarki. Abin da lissafin ke cewa shi ne Pogacar yana buƙatar kada komai ya lalace, Vingegaard yana buƙatar abu ɗaya ya lalace wa Pogacar, duk wanda ke bayansu kuma yana buƙatar abu biyu. Evenepoel ya koma Red Bull-Bora, ƙungiyar Lipowitz da Roglic, wanda ke nufin za su iya gwada dabarar jagorori da yawa. Amma dabarar tana aiki ne idan wanda ake kai wa hari yana tsoron kowane ɗaya daga cikinsu, kuma mutumin da ke bayanka da minti 11 za ka iya barinsa ya tafi.